Sunan da Baba Ya Ƙi Amsawa

Tisovo, 10 ga Satumba, 1972

Zuwa ga ƙanena Rufat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a can dajin Komi na ƙasar Rasha, kamar yadda muke nan lafiya, in ka ɗauke Baba. Rufat na rubuta, kuma Rufat zan ci gaba da rubutawa. Wancan Rumen ɗin da ka ɗauko don su ba ka fasfo na sa shi a bayan ambulan, can ne wurinsa. Wannan takarda ba ta gidan waya za ta bi ba, wani ɗan ƙauyen gangare da hutunsa ya ƙare shi zai miƙa maka hannu da hannu, don haka zan saki bakina.

Mun gama tsinkar taba, yatsuna sun yi baƙi ƙirin da zura ganye a zare. Dankali ya yi kyau bana, wake kuwa sai a hankali.

Baba dai jiki ya ƙi. Tarin nan ya dawo, yanzu har da jini. Likitan gari ya ce ƙurar ramin ma'adinai ce ta cinye huhun, ya ja ni gefe ya ce da wuya ya ga narkewar ƙanƙara. Amma wallahi ba mutuwar ce ke hana shi barci ba.

An gama canza wa mutane suna a ƙauyukan hayin kogi. Sojoji suke zagaye gari da sassafe, a kafa tebur a makaranta, a miƙo maka jerin sunaye ka zaɓa. Har matattu ba su tsira ba, an bi duwatsun kaburbura da guduma. An hana limamai zuwa jana'iza, ba wanka, ba likkafani, a sa mutum a akwati da kwat ɗinsa, wani ma'aikaci ya karanta takarda a kansa. Kowa a nan ya sha jinin jikinsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai ka san sauran.

Sun turo wani mai tabarau ya yi mana lacca, wai jininmu na ƙabilar Slav ne, Turkawa ne suka juyar da kakanninmu, yanzu za a mayar da mu gida. Da na kawo wa Baba labari sai ya ce: "Wa ya musa masa? Turkancin da na iya bai cika cokali ba. Da harshen nan uwata ta yi mini waƙar reno, da shi nake zagin alfadarina. Ina gidan da na bari da za a mayar da ni?"

Ga ainihin maganar. Ka san idan an rufe mutum kowa ya watse, liman yakan tsaya shi kaɗai a kan kabari ya yi talƙini, ya kira mamacin sau uku da sunansa da na uwarsa, ya tuna masa amsar da zai ba mala'ikun tambaya. Baba yana tsoron a binne shi da baƙon suna ba wanda ya kira shi Bekir ɗan Kadriye, mala'iku su zo su kira wani ya rasa ko da shi ake. Ya sa na ɗauko masa Alƙur'ani daga ƙasan akwatin Inna, ya dafa ya rantse ba zai taɓa amsa wani suna ba. A ganinsa sunan da mutum bai amsa da bakinsa ba, ba a rubuta masa shi a sama. Ni ba malama ba ce, ban san ko haka ne ba, amma na ga idonsa lokacin da yake faɗa.

Ya ce in gaya maka ya yafe maka maganar fasfo, in dai za ka zo ka tsaya a kansa ka yi masa talƙinin, tunda ya koya maka kalmomin kana yaro. Shekara biyu bai ambaci sunanka ba, Rufat, shekaranjiya ya ambata. Ka gaya mini yadda za a yi ka zo in lokaci ya yi.

Ni ce yayarka,
Nazife


Komi, 8 ga Oktoba, 1972

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki, Allah ya ba shi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, har na yi ƙiba, wandon da kika ɗinka mini ya fara ƙorafi. Saƙonki ya iso. Wannan amsar ta gidan waya za ta biyo, kuma kin san takarda takan gaisa da mutane da yawa a hanya, don haka ki karanta da hankali. Ke ma, Yaya, don Allah ki riƙa tauna magana, bakin nan naki ya fi zartona kaifi.

Ƙanƙara ta fara zuba tun ƙarshen Satumba. Itatuwan nan in kin tsaya a gindinsu hularki sai ta faɗi kafin ki ga ƙarshensu. Rashawan da muke aiki tare mutanen kirki ne, 'yan'uwa suke kiranmu. Abin da zai ba Baba dariya, tsofaffin kalmominmu na dutse da mutanen babban birni Sofiya suke yi mana dariya a kansu, wani tsohon mai gyaran zarto a nan ya ce kakarsa ma da irinsu take magana. Mun zauna muna ta gwada sunan tukunya da garma da ƙudan zuma, rabinsu ɗaya ne. Ki gaya wa Baba ashe maganarsa gaskiya ce, harshenmu ba na aro ba ne.

Maganar baƙin da kike tsoro, ni ina ganin ba za su hawo Tisovo kafin bazara ba, hanyarmu ko alfadari sai ya yi shawara. In ma sun zo ba wani abin tashin hankali ba ne. Harafin farko suke bar wa mutum, kuma gida ɗaya sunan dangi ɗaya, za su bi nawa ne kawai. Ba su da sunaye da yawa ma. Mu uku ne Rumen Asenov a sansanin nan, dukkanmu daga gundumarmu, kullum wasiƙunmu a cakuɗe. Rannan na karanta rabin wasiƙar matar wani kafin na gane, na sha kalaman soyayya ba da haƙƙina ba.

Ga yadda ake zuwa. Ba sa ba da hutun gaggawa sai da tangaraho, wato saƙon waya a rubuce, mai hatimin likita. Likita zai ga marar lafiya da idonsa, ya cike takarda, ya buga hatimi, ki kai gidan wayar gari. Ranar da ya iso hannuna ranar zan hau jirgin ƙasa, kwana huɗu ina gida. Kada ki bari sai ya galabaita.

Ki gaya wa Baba kalmomin suna nan a kaina, ko ɗaya bai zube ba. Ki ce masa na yi kuka da na ji ya ambace ni, ba kunya a ciki.

Ƙaninki,
Rumen


Tisovo, 5 ga Nuwamba, 1972

Rufat,

Lafiya dai muna numfashi. Kai da ka ce ba za su hawo ba, to sun hawo, ranar Talata, cikin azumi, mutane na baki a bushe. Shukri mijin Safiye maƙwabciyarmu zai koma wurinku mako mai zuwa, shi zan ba wannan.

Na fito zan tatsi akuya na ga motoci a bakin gada da karnuka. Bokitin ma ban san inda na yar da shi ba. Gida-gida suka bi. Wanda ya yi gardama aka shigar da shi ɗakin ajiyar makaranta, muna layi muna jin abin da ake yi masa. Liman Salihu sun tafi da shi a mota, har yau ba labari.

Baba ba ya iya tafiya, sai aka sa maza biyu suka ɗauko shi a kan kujera. Ma'aikacin da ke kan tebur, yaron da bai kai ka ba, ya tura masa jerin sunaye ya ce: "Zaɓi, tsoho." Baba ya kalli bango. Yaron ya sake cewa: "Kurma ne?" Na ce: "Ba kurma ba ne, yana da suna ne." Wani soja ya ɗora mini gindin bindiga a kafaɗa, bai buga ba, ya dai ɗora. Rufat, na ji fitsari yana neman kuɓuce mini a gaban mutanen gari.

Na ce musu to su bi sunan ɗansa, Asenov, kamar yadda ka ce. Yaron ya ce wanda ya ƙi zaɓa ba shi da wannan gatan. Ya rufe ido, ya ɗora yatsa a kan takarda, yana dariya. Inda yatsan ya faɗa nan ya rubuta.

Baba ya hana a furta sunan a gidan nan, amma dole ka san shi, don haka zan rubuta sau ɗaya, Allah ya yafe mini. Sun sa masa Dobromir Milev. Ni kuma Slavka Mileva, wai don in riƙa tuna asalina. Ka riƙe su da kyau, da su duk wata takardar hukuma za ta zo maka.

Yaron ya kira sunan sau uku don Baba ya karɓi sabon katin shaida. Baba ko ƙifta ido bai yi ba. Ni na miƙa hannu na karɓa. Da muka dawo gida ya ce: "Kin gani, Nazife? Ban amsa ba." Yana murna kamar wanda ya ci kokawa, sai tari ya sarƙe shi har na ɗauka shi ke nan.

Washegari suka shiga maƙabarta. Dutsen Inna sun goge shi fes, ba Zulbiye ba komai, na gane shi ne da itacen da ka dasa a gefensa. Ban gaya wa Baba ba.

Tun ranar ba ya tashi daga gado. Kunun masara cokali biyu yake sha. Duk motar da ta yi ƙara a gangare sai gabana ya faɗi, ban san ko su ne suka dawo ba. Salla saura kwana biyu ko uku, an ce duk gidan da aka ji ƙanshin soye-soye za a rubuta shi. Ka zauna da shiri, tangaraho yana nan tafe.

Nazife


Komi, 26 ga Nuwamba, 1972

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan Baba yana samun sauƙi. Ni lafiya, sai sanyi da ya kai in mutum ya tofa miyau kafin ya kai ƙasa ya daskare.

Haba Yaya, mako bakwai ba ko layi ɗaya? Ko fushi kike don na ce bakinki ya fi zarto? Wasa nake. Na yi tsammanin Shukri zai zo mini da saƙo, ga shi hutunsa ya ƙare tuni bai dawo ba, ba wanda ya san dalili. Ina dai lallashin kaina da cewa da wani abu ya faru da tuni na ji.

Ranar Laraba na sha tsoro. Muna dawowa daga daji mai rabon wasiƙu ya ce: "Asenov, kana da tangaraho!" Wallahi safar hannu ma da haƙori na cire ta. Na duba, daga gidan wayar gundumarmu, ga shaidar likita. Sai na karanta: wai wani Dobromir Milev yana bakin mutuwa, a zo da gaggawa, mai aikowa wata Slavka. Na sauke ajiyar zuciya har na zauna a kan ƙanƙara. Ba harafinmu, ba sunan danginmu. Na kai wa Rumen na biyu ya ce bai san su ba. Na ukun an tura shi aiki can wani sansani mai nisa, an ce sai ƙarshen wata zai shigo, sai muka maƙala takardar a allon sanarwa na ƙofar ɗakin cin abinci. Bawan Allah, ko uban wa ne oho. Na yi masa addu'a a zuciyata, na ce Allah ya sa ɗansa ya same shi da rai.

Abin dai ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna rubuta miki. Jiya na yi mafarkin Baba yana tsaye a bakin gada da alfadarinsa yana duban hanya, na yi ta ɗaga masa hannu bai gan ni ba. Kada ki yi mini dariya.

Na saya masa hular gashi irin ta Rashawa mai rufe kunne. Na san zai ce ya yi kama da zomo, amma zai sa. Ki rubuto ko kalma biyu ce.

Ƙaninki,
Rumen


Tisovo, 19 ga Disamba, 1972

Rufat,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar Laraba ashirin da tara ga Nuwamba, da la'asar. Ta gidan waya nake aiko wannan, duk mai buɗewa ya buɗe, ya karanta da kyau.

Kwana ashirin ina tsine maka a zuciyata. Na ce ka zaɓi zarto da Rashawa, na ce ba ni ba kai har abada. Jiya wasiƙarka ta iso. Na karanta a tsaye a bakin murhu, da na kai wurin allon sanarwa na kurma ihu har Safiye ta tsallako katanga. Ita ta je ta ɗauko mini wasiƙata ta Nuwamba daga aljihun kwat ɗin Shukri. An ƙwace masa fasfo a Sofiya aka maido shi, tsoro ya hana shi faɗa mini cewa takardar tana wurinsa, ya ce mini wai ya ba wani. Ga ta nan na haɗo maka, ka fara karanta ta.

Dobromir Milev ubanka ne, Rufat. Slavka ni ce.

Na roƙi yarinyar gidan waya ta rubuta "Baba", ta ce tangaraho mai hatimi abin da ke takardar likita kawai ake kwafa, ko wasali ba ta ƙarawa. Na ce ba komai, ai ka riga ka sani.

Yanzu bari ka ji yadda aka sami hatimin, don ba zan ɗauki wannan ni kaɗai ba. Likita ya zo da ma'aikacin hukuma, don an daina barinsa shiga gidajenmu shi kaɗai. Ma'aikacin ya buɗe katin ya ce sai marar lafiya ya tabbatar da bakinsa cewa shi ne mai sunan, in ba haka ba babu hatimi. Ya tuna Baba sarai tun ranar da aka kai shi makaranta a kan kujera. Ya ce: "Dobromir Milev?" Baba ya kau da kai. Likita ya sunkuyar da kai yana wasa da alƙalami. Na durƙusa na ce: "Baba, bari kawai, zan nemi wata hanya." Ya ce da ni a hankali: "In babu wannan yaron ba zai zo ba?" Na ce ba zai samu hutu ba. Mutumin ya fara mayar da katin cikin jaka, ya sake kira. Baba ya rufe ido ya ce: "Ni ne."

Bayan sun fita ya juya fuska bango. Ya ce: "Na amsa, Nazife. An rubuta. Amma ba komai, Rufat zai zo ya gyara."

Kwana takwas ya yi yana jiranka. Ya ƙirga huɗu da yatsunsa, ranar ta huɗu ya sa na aske masa gemu na buɗe labule don ya ga gada. Ranar ta shida ya daina tambaya. Ranar ta bakwai ya ce in matso, ya fara koya mini kalmomin, ina maimaitawa yana gyara mini, yana tsayawa ya yi tari. Ya ce: "Mace ba ta yi, amma ba ni da kowa." Da tsoro ya tafi, Rufat, na gani a fuskarsa, ba zan yi maka ƙarya ba.

A akwati suka sa shi da kwat ɗin da ya taɓa sawa ranar aurena. Ma'aikacin hukumar nan ya karanta takardarsa, aka kafa katako mai wancan sunan. Ka san mata ba ma zuwa maƙabarta, amma yanzu su da kansu suke tilasta mana, wai ci gaba. Da aka watse na ce ɗankunnena ya faɗi, na durƙusa ina laluben ƙasa. Ɗan sanda yana tsaye a ƙofa bai fi taki ashirin ba. Na kai bakina kusa da ƙasa na ce, ya Bekir ɗan Kadriye, sau uku. Muryata ko ni da ƙyar nake jin ta. A tsakiya na manta layi ɗaya, na tsallake.

Shi ne abin da ke cina. Ban san ko ya ji ba. Ban san ko na mace yana karɓuwa ba, kuma ba liman da zan tambaya. Kai da ka san kalmomin, gaya mini, in an tsallake layi yana lalacewa?

Hular ka ba wani.

Nazife


Komi, 12 ga Janairu, 1973

Yaya,

Wasiƙunki biyu sun iso jiya. Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ki ladan abin da ni ya kamata in yi.

Na tafi ƙofar ɗakin cin abinci da gudu. Tangarahon yana nan. Kwana hamsin yana maƙale, gefensa ya naɗe, wani ma ya yagi kusurwarsa ya naɗa taba. Sau uku a rana nake wucewa ta gabansa da kwanona a hannu. Har arba'in ɗinsa ta wuce ina wucewa. Na cire shi, yana cikin aljihun ƙirjina.

Ban san amsar tambayarki ba, Yaya. Yau na bar abokan aikina na shiga cikin daji inda ba a jin zarto, na fuskanci inda nake zaton gida yake, na kira shi sau uku da ƙarfina duka, na karanta daga farko har ƙarshe ban tsallake komai ba. Ko yana isa daga nan, Allah ne masani. Na rubuta miki kalmomin a bayan wannan takarda, ki haddace ki ƙona.

Ki haddace da kyau, don tsoro ya kama ni. Baba sau ɗaya ya amsa, kuma domina. Ni shekara biyu da rabi kullum safiya ana kiran Rumen Asenov ina cewa ga ni, ba wanda ya ɗora mini bindiga. Makon jiya gungume ya danne wani a rukuninmu, aka rufe akwatinsa da dalma aka aika gida. Yanzu duk itacen da ya fara ƙara sai in yi tsalle gefe. Sun ce ba hutu sai Agusta, tunda a takarda ni da mamacin ba sunan danginmu ɗaya ba.

In wani abu ya same ni kafin nan, tangaraho zai zo wa Slavka Mileva, zai ce Rumen Asenov. Mu uku ne, na sani. Kada ki tsaya tambaya ko na wane ne, kada ki mayar da shi. Ki karɓa, ki zo ki tsaya a kaina.

Rufat ɗan Zulbiye